Fashin Baƙi: Me Ya Sa Alƙaluman Korona Suka Sha Bamban Tsakanin Ƙasashen Larabawa Masu Arzikin Mai?

Bahrain tsibiri ne da mutanensa ba su wuce miliyan ɗaya da rabi ba, ko rabin jama'ar birnin Kano ba su kai ba. Saudiyya kuwa, ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 32 da ɗoriya. Gada mai tsawon kilomita 25 ce ta haɗa su, kullum ana kai da kawo a kanta. Amma lokacin da ƙurar annobar korona ta lafa a 2023, Bahrain ta ƙirga kamuwa kimanin 700,000, Saudiyya kuma kimanin 840,000. Yaya aka yi ƙaramar ƙasa ta kusa kamo maƙwabciyarta da ta ninka ta sau 20 a yawan jama'a?

Idan hirar ta taso, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce Bahrain sakaci ta yi, wasu su ce Saudiyya ɓoye nata ta yi. Duka biyun sun tsallake abin da ya kamata a fara tambaya: mutum nawa kowace ƙasa ta gwada, su wa ta gwada, kuma sau nawa? Ƙasashe shida na Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Yankin Tekun Fasha, wato Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Katar, Kuwait, Bahrain da Oman, sun dace da wannan nazari ƙwarai, domin yanayinsu ɗaya ne, arzikinsu na mai da iskar gas ne, duk sun dogara da baƙin ma'aikata, amma alƙalumansu sun yi hannun riga da juna.

Mafari kusan ɗaya

Daular Larabawa ce ta fara sanar da cutar, ranar 29 ga Janairu 2020, a jikin wani iyali da ya zo daga birnin Wuhan na ƙasar Sin. Sauran biyar ɗin ta ƙofar Iran cutar ta fara shigo musu. Kuwait da Bahrain da Oman sun sanar a rana ɗaya, 24 ga Fabrairu. Katar ta biyo baya ranar 29 ga watan, Saudiyya kuma 2 ga Maris. Saudiyya ba ta jira cutar ta shigo ba: tun 27 ga Fabrairu ta dakatar da Umara ga masu zuwa daga waje, ranar 8 ga Maris kuma ta rufe yankin Katif da ke gabashin ƙasar, inda masu cutar na farko suka fito. Ta riga ta ɗanɗana irin wannan, domin a ƙasarta aka fara gano cutar MERS a 2012, wadda ita ma dangin korona ce, kuma ta fi yaɗuwa a cikin asibitoci.

Daga nan hanyoyi suka rabu.

Me ake ƙirgawa idan an ce "sabbin masu kamuwa"?

Adadin da ma'aikatar lafiya ta riƙa karantowa kowace rana adadi ne na waɗanda aka gwada aka kuma ga cutar a jikinsu. Wanda ya yi zazzaɓi a ɗakinsa, ya sha magani, ya warke bai je an gwada shi ba, ba ya cikin lissafi. Haka ma wanda cutar ta shiga ta fita bai ko yi atishawa ba, kuma irinsu suna da yawa a cikin matasa. Saboda haka adadin abu biyu ne a cakuɗe: yawan cutar a gari, da yawan neman ta da hukuma ta yi.

Gwajin da ƙasashen suka fi dogara da shi shi ne na PCR. Ana zura tsinken auduga mai tsawo ta hanci har ya kai can bayan maƙogwaro, a juya shi na 'yan daƙiƙoƙi, a saka shi cikin kwalbar ruwan adanawa, a kai ɗakin gwaje-gwaje. A can na'ura ke kwafar wani ɗan yanki na ƙwayoyin halittar cutar, zagaye bayan zagaye, kowane zagaye yana ninka abin da ke ciki sau biyu, har zuwa wajen zagaye 40. Idan alamar cutar ta bayyana tun zagaye na 18 ko na 20, ƙwayar tana da yawa a jikin mutumin. Idan sai a na 35 ta bayyana, kaɗan ce ƙwarai, wataƙila ma ragowar wadda ta mutu ce. Tazarar zagaye 10 na nufin bambancin kusan ninki 1,000.

Wuraren da aikin ke ɓaci sanannu ne. Idan mai ɗaukar samfuri ya ji tausayin hancin mutum bai zura tsinken ya kai ciki ba, za a iya cewa babu cuta alhali akwai. Idan aka gwada mutum kwana ɗaya ko biyu bayan ya haɗu da mai cutar, ƙwayar ba ta yi yawan da za a gan ta ba tukuna. Samfurin kuma yana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 idan zai jira, a yankin da zafin bazara ke kusantar digiri 50. Ta ɗaya ɓangaren, mutum zai iya warkewa sarai amma gwajin ya ci gaba da nuna cutar har makonni.

Akwai gwajin gaggawa, wanda ke ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 30, mai araha, amma yana kuskure waɗanda ƙwayar ba ta yi yawa a jikinsu ba. Sai gwajin jini, wanda ba ya nuna ko mutum na ɗauke da cutar yanzu. Sawun da ta bari a garkuwar jiki yake nunawa. Wannan na ukun shi ne ya fi tona asirin yawan waɗanda aka kuskure, za mu dawo kansa.

Mai taru da mai fatsa

Masunta biyu a tafki ɗaya, ɗaya da taru ɗaya da fatsa, ba za su koma gida da kifi daidai ba, kuma wannan bai nuna gefen mai fatsa ba shi da kifi.

Daular Larabawa ce mai babban taru. Tun ƙarshen Maris 2020 ta buɗe cibiyar gwaji ta cikin mota a Abu Dabi, inda mutum zai sauke gilashi a ɗauki samfuri ya wuce cikin 'yan mintoci, sannan aka baza irinta a sauran masarautun. Kamfanin G42 na ƙasar da BGI na Sin suka kafa katafaren ɗakin gwaje-gwaje a unguwar Masdar cikin mako biyu. Daga tsakiyar 2020, wanda zai shiga Abu Dabi ta hanyar mota daga Dubai sai ya nuna sakamakon gwaji a shingen Gantut. Daga baya manhajar Al Hosn ta zama takardar shiga kasuwanni da ofisoshi a Abu Dabi: sai ta nuna kore, kuma koren yana gushewa idan mutum ya daɗe bai yi gwaji ba. Farashin gwajin ya faɗo daga dirhami 370 a farko zuwa 50 a 2021. Jimilla, ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 10 ba ta yi gwaji kusan miliyan 200, kusan 20 ke nan ga kowane mutum.

Bahrain ce ta biyu, da gwaji sama da miliyan 10, kusan bakwai ga kowane mutum. Ta mayar da babban ɗakin baje kolinta cibiyar gwaji, ta riƙa tura motoci cikin unguwanni suna ɗaukar samfurin mutane ba tare da sun nuna wata alama ba, ta kuma dage da bin sawun duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar. Ƙanƙantar ƙasar ta taimaka: babu ƙauyen da ya yi wa ɗakin gwaji nisa.

Saudiyya ma ba ta yi wasa ba. A Afrilu 2020 ta ƙulla yarjejeniyar riyal miliyan 995 da kamfanin BGI don gwaji miliyan 9. Ta buɗe asibitocin Taɗamman don masu zazzaɓi da tari, da cibiyoyin Ta'akkad don waɗanda ba su da alama amma suna son tabbatarwa. Duk da haka jimillar gwajinta kimanin miliyan 45 ce, ƙasa da ɗaya da rabi ga kowane mutum, a ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 2. Kuwait ta tsaya a wajen gwaji biyu ga kowane mutum. Oman, wadda aljihunta bai kai na sauran nauyi ba, ta fi karkata gwajinta ga marasa lafiya da ma'aikatan asibiti.

A nan amsar tambayar farko ta fara fitowa. Mutumin Bahrain an gwada shi kusan sau biyar kafin a gwada na Saudiyya sau ɗaya.

Akwai kuma wani tarko a cikin kwatancen kansa. Wata ƙasa tana ƙirga gwaje-gwajen da aka yi, wata tana ƙirga mutanen da aka gwada. Katar adadin mutane ta riƙa bugawa. Ma'aikacin jinya da aka gwada sau 15 mutum ɗaya ne a wannan lissafi, amma 15 ne a wancan. Duk wanda ya jera alƙaluman biyu a layi ɗaya bai lura da wannan ba, zai ga kamar Katar ta yi ƙasa fiye da yadda take.

Cikin ɗari nawa gwaji ya kama?

Ma'aunin da ke gyara wannan matsala shi ne kason waɗanda aka samu da cutar cikin waɗanda aka gwada. A Mayu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kafin a sassauta kulle, wannan kaso ya zauna ƙasa da 5 cikin 100 na tsawon mako biyu.

A ɗauki misali. Gari na farko ya gwada mutum 1,000 ya samu 250. Gari na biyu ya gwada 20,000 ya samu 400. A labaran rana za a ce na biyu ya fi fama. Amma a na farko, mutum ɗaya cikin kowane huɗu da aka taɓa yana da cutar; a na biyu, ɗaya cikin 50. Na farkon marasa lafiya kaɗai yake gwadawa, kuma akwai ɗimbin da bai kai gare su ba.

Sai dai wannan ma'aunin ma yana da lam'a, kuma Daular Larabawa ce ta nuna ta. Idan dokar aiki ta tilasta wa lafiyayyen ma'aikaci gwaji kowane mako ko kowane mako biyu, ga masu yawon buɗe ido da kowa sai ya yi gwaji, ga masu son wayarsu ta ci gaba da nuna kore, to mutanen da ba a zaton suna da cutar ne suke cika lissafin. Dole kason ya yi ƙasa. A Janairu 2022, lokacin da nau'in Omikron ke ganiyarsa, ƙasar tana gwada dubban ɗaruruwa a rana tana samun kimanin 3,000, wato ƙasa da 1 cikin 100. Wannan ya nuna ƙarfin gwaji, amma bai isa shi kaɗai ya nuna cewa cutar ta fi ƙaranci a Dubai a kan Manama, babban birnin Bahrain, ba. Dole a san wane ne ke tsaye a layin gwajin da abin da ya kawo shi.

Ɗakin leburori

Ba za a fahimci igiyar farko ta cutar a yankin ba sai an leƙa inda ma'aikata ke kwana. Kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna Katar da Daular Larabawa baƙi ne. A Kuwait kusan 7 cikin 10, a Bahrain sama da rabi, a Saudiyya da Oman wajen 4 cikin 10. Da yawansu maza ne matasa daga Indiya, Bangaladesh, Nepal, Pakistan, Filifin, Masar da ƙasashen Afirka.

Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas ko fiye, tagogi a rufe saboda zafi, na'urar sanyaya ɗaki tana juya iska ɗaya dare da rana. Banɗaki ɗaya, wurin girki ɗaya. Da asuba a cika bas a tafi wurin gini, da yamma a dawo a bas ɗin. A irin wannan wuri, cewa mutum ya ba da tazarar mita biyu magana ce kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

Ranar 11 ga Maris 2020 Katar ta sanar da mutum 238 a rana ɗaya, akasarinsu daga gidan ma'aikata guda. Aka rufe wani babban sashe na Unguwar Masana'antu ta Doha, daga titi na 1 zuwa na 32. A ƙarshen Mayu adadin rana ya haura 2,300, a farkon Yuli jimilla ta wuce 100,000 a ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 3. A lokacin, idan aka auna da yawan jama'a, Katar ce kan gaba a duniya. Amma waɗanda suka rasu ba su kai 150 ba.

Gwajin jini ya nuna cewa wannan babban adadin ma ɗan tsakure ne. Binciken da masana a Katar suka yi tsakanin leburori da masu sana'ar hannu a 2020 ya gano fiye da rabinsu na ɗauke da sawun cutar a jininsu, kuma mafi yawansu ba a taɓa rubuta su cikin masu kamuwa ba. Wannan rukuni shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na mazauna ƙasar. Idan haka ta faru a ƙasar da ke gwaji sosai, sai a ƙiyasta inda gwajin ya yi ƙaranci.

Labarin iri ɗaya ne a maƙwabta. Kuwait ta killace unguwannin Jilib al-Shuyukh da Mahbula a Afrilu 2020. Dubai ta rufe Al Ras da Naif a yankin Deira, wuraren da duk ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Kano ko Yamai ya san lungunansu. Oman ta rufe Matrah, tsohuwar unguwar kasuwa a Maskat. A Makka, ranar 30 ga Maris 2020, aka rufe unguwanni shida, cikinsu har da Misfala, inda alhazan Najeriya suka saba sauka, da Hosh Bakar, inda tsatson mutanen Afirka ta Yamma ke zaune tun kaka da kakanni. A wannan ranar ce Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda ba su da iƙama. Hikimar a fili take: wanda ke tsoron a kama shi ba zai kai kansa wurin gwaji ba, kuma wanda bai je ba zai ci gaba da yaɗa cutar a unguwa. Da ma'aikatar lafiyar Saudiyya ta fara bin irin waɗannan unguwanni gida-gida a tsakiyar Afrilu, adadin rana ya yi tsalle nan take. Cutar tana nan tun da farko. Zuwa neman ta ne ya fito da ita. Adadin ya kai ƙololuwarsa a wannan igiya ranar 17 ga Yuni, da mutum 4,919.

Mace-mace: inda jerin ke juyewa

Nan ne lissafin ya fi ruɗa mutane. Zuwa lokacin da ƙasashen suka daina buga rahoton kullum, Saudiyya ta rubuta rasuwa kimanin 9,600, Oman 4,600, Kuwait 2,570, Daular Larabawa 2,349, Bahrain sama da 1,500, Katar 690.

Idan aka raba da yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu, a cikin kowane 1,000 Saudiyya da Oman sun rasa 11 zuwa 12, Kuwait kusan 4, Daular Larabawa da Bahrain 2, Katar ɗaya da 'yan kai. Mai gaggawa zai ce asibitocin Saudiyya sun gaza na Bahrain sau biyar.

Yanzu a raba da yawan jama'ar ƙasa baki ɗaya. A cikin kowane mutum 100,000, Bahrain ta rasa kimanin 100, Oman ma kusan haka, Kuwait kusan 60, Saudiyya 30, Daular Larabawa da Katar wajen 25. Bahrain, wadda ta fito da kyau a lissafin farko, ta koma sahun gaba a hasara. Saudiyya, wadda ta fito da muni, ta koma kusa da ƙasa.

Dalilin shi ne lissafin farko ya dogara da gwaji. Ƙasar da ta ƙirga dubban matasa da cutar ta ɗan taɓa suka warke, kasonta na mutuwa zai yi ƙasa. Wadda ta fi ƙirga waɗanda suka kwanta asibiti, nata zai yi sama. Lissafi na biyu bai damu da wa aka gwada yana raye ba, amma shi ma ya dogara da yadda ake rubuta sanadin mutuwa.

Abin da ya rufa wa yankin duka asiri shi ne shekaru. Korona ta fi kisa a tsakanin tsofaffi, haɗarin yana hauhawa sosai bayan shekara 65. A Italiya, kusan kashi 23 cikin 100 na jama'a sun haura 65, kuma ta rasa fiye da mutum 300 cikin kowane 100,000. A Katar da Daular Larabawa waɗanda suka kai wannan shekaru ba su wuce 2 cikin 100 ba, domin baƙon ma'aikaci yana zuwa da ƙuruciyarsa, bayan an duba lafiyarsa kafin a ba shi biza, kuma yana komawa gida kafin tsufa. Saudiyya da Oman, da suka fi yawan 'yan ƙasa, sun fi su yawan dattawa. Abin da ya ja yankin baya kuma shi ne ciwon suga da ƙiba, waɗanda suka yi katutu a can fiye da yawancin sassan duniya, kuma duka biyun suna tsananta cutar.

Shekarar 2021 ta fi 2020 ciwo

Mutane sun fi tuna 2020 saboda kulle da hoton Ka'aba babu masu ɗawafi, amma ga ƙananan ƙasashen yankin, 2021 ce ta fi cin rayuka. Dubai ta buɗe wa masu yawon buɗe ido tun 7 ga Yuli 2020, bayan cunkoson hutun ƙarshen shekara kuma adadin rana na Daular Larabawa ya kusa 4,000 a farkon Fabrairu 2021. A Katar, igiyar Maris da Afrilu 2021 ba ta kai rabin ta farko a yawan kamuwa ba, amma mace-mace sun ninka cikin wata uku, domin sabbin nau'o'in cutar sun fi tsanani kuma a wannan karon ta shiga gidajen iyalai inda akwai manya.

Bahrain ta fi ba da mamaki. Tana cikin ƙasashen farko a duniya da suka amince da allurar riga-kafi, tun Disamba 2020, kuma ta yi nisa da yi wa jama'a. Duk da haka, da nau'in Delta ya iso bayan azumi da ƙaramar Sallah, adadin rana ya haura 3,000 a ƙarshen Mayu 2021, jimillar mace-mace kuma ta tashi daga wajen 650 zuwa sama da 1,300 cikin wata biyu. Hukuma ta fara ba da allura ta uku, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga da suka karɓi allurar Sinopharm ta ƙasar Sin. A Oman, inda allurar ta yi jinkirin wadata, mace-mace sun tashi daga kusan 2,000 a ƙarshen Afrilu zuwa kusan 4,000 a ƙarshen Agusta, har aka kulle ƙasar baki ɗaya a ranakun babbar Sallah.

Omikron a farkon 2022 ya zo da akasin haka: kamuwa da yawa, mutuwa kaɗan. Bahrain ta haura 8,000 a rana, Kuwait ta kusa 7,000, Saudiyya ta kusa 6,000, Katar ta haura 4,000. A wannan igiyar ce Bahrain ta tara babban kaso na jimillarta. Daga nan kuma alƙaluma suka fara rasa ma'ana a ko'ina, domin mutane sun koma gwada kansu a gida da abin gwajin kantin magani, sakamakon kuma ba ya zuwa hannun hukuma.

Shin yawan gwajin ya biya kuɗinsa?

Masu goyon bayan tsarin Daular Larabawa suna cewa gwajin ne ya ba ƙasar damar buɗe filin jirgi da otal da kasuwa tun da wuri, har ta karɓi baje kolin duniya na Expo daga Oktoba 2021 zuwa Maris 2022, ga kuma mace-mace kaɗan. Masu suka suna cewa gwada lafiyayyen mutum ɗaya sau 30 bai kai amfanin gwada marar lafiya ɗaya a kan lokaci ba, kuma Katar ta samu kusan sakamako iri ɗaya a mace-mace ba tare da ta kai wannan adadi ba. Suna ƙarawa da cewa ƙasar ba ta riƙa rarrabe alƙalumanta masarauta-masarauta ba, don haka ba a iya kwatanta Dubai da ta buɗe da Abu Dabi da ta tsaurara. Saudiyya kuwa gari-gari ta riƙa bugawa kullum, Kuwait da Oman kuma sun riƙa bambanta 'yan ƙasa da baƙi.

Abin da ya fi ƙarfi a hujja shi ne gwaji yana amfani ne gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Idan sakamako ya fito cikin sa'o'i 24, aka ɗauke mai cutar daga ɗakin mutum takwas zuwa wurin killacewa, aka ci gaba da biyan albashinsa, an katse sarƙa. Idan sakamakon ya ɗauki kwana huɗu, ko kuma lebura ya san faɗin gaskiya zai jawo masa asarar albashi, gwajin ya zama ƙidaya kawai.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi duka gaskiya: a duba mutum nawa suka mutu a shekarar, ko mene ne sanadi, a kwatanta da shekarun baya. Da wannan hanya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta ci rai kusan miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka rubuta miliyan 5.4 ne. A yankin Tekun Fasha wannan ma'aunin ma yana da giɓi, saboda dubban baƙin da suka rasa aiki an kwashe su zuwa ƙasashensu a tsakiyar annobar, kuma wanda ya rasu bayan ya isa Kerala ta Indiya ko Dhaka ta Bangaladesh ba ya cikin littafin Kuwait ko Dubai.

Inda ya taɓa matafiyi da mahajjaci

Dokokin gwaji na waɗannan ƙasashe sun iso har ƙofar gidajenmu. A 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka yi aikin Hajji. A 2020 'yan tsiraru ne kawai daga cikin mazauna Saudiyya, a 2021 kuma mutum 60,000, su ma mazauna ƙasar da suka yi riga-kafi. Shekara biyu maniyyata daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi suna riƙe da rasiɗin kuɗin ajiya suna jira, wasu dattawan ba su kai ga ganin buɗewar ba. Da aka buɗe a 2022, an ƙayyade mutum miliyan ɗaya, ba wanda ya haura shekara 65, da cikakken riga-kafi, da gwajin PCR da aka yi cikin sa'o'i 72 kafin tashi. Najeriya ta samu kujeru 43,008, ƙasa da rabin 95,000 da ta saba samu.

Wannan sharaɗi na sa'o'i 72 ya wahalar da matafiya fiye da yadda ake zato, domin daga lokacin da aka ɗauki samfuri ake fara lissafi, ba daga fitowar sakamako ba. Idan ɗakin gwaji ya ɗauki kwana biyu, jirgi kuma ya ɗaga tashinsa da kwana ɗaya, takardar ta mutu, sai a sake biya a sake zura tsinke.

'Yan kasuwar Dubai ma sun ji a jikinsu. A Fabrairu 2021 aka buƙaci fasinjojin da ke tashi daga Najeriya su ƙara gwajin gaggawa a filin jirgi bayan na PCR da suka riga suka yi. Gwamnatin Najeriya ta ƙi amincewa, takaddamar ta tsayar da jigilar fasinja ta kamfanin Emirates daga ƙasar har kusan ƙarshen shekarar. A Disamba 2021 kuma Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya saboda Omikron, masu shirin Umara suka kwance jakunkunansu.

Idan aka ɗora ma'aunin nan a kan gida, Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ta yi gwaji ƙasa da miliyan 6 a duk tsawon annobar, kusan rabin abin da Bahrain ta yi, ta kuma rubuta kamuwa kimanin 267,000 da rasuwa 3,155. A Afrilu 2020, lokacin da masu haƙa kabari a Kano suka fara cewa gawarwakin sun fi ƙarfinsu, kusan babu ɗaya daga cikin mamatan da aka gwada. Sai daga baya jami'ai suka bi gidaje suna tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, kuma a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce sanadi.